Shin addinin mai rubuta manhaja yana da hannu a yaren kwamfutar da yake zaɓa?

Nura_Kod:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya ce da ni, kuma ba don tsokana nake yin ta ba. Na lura yaruka biyu da suka fi sakar wa mai rubutu mara, wato Perl da Ruby, duk masu riƙo da addini ne suka ƙirƙire su. Larry Wall da ya fitar da Perl a 1987 Kirista ne na sosai. Yukihiro Matsumoto, Bajapanen da ya fitar da Ruby a 1995, ɗan cocin Mormon ne, har aikin mishan ya yi yana saurayi. Dukansu biyu cewa suke a bar mutum ya warware matsala ta hanyar da ta kwanta masa. To shin imanin mutum yana shiga cikin yaren da ya ƙera? Mu kuma masu amfani da su, aƙidarmu tana da hannu a wanda muke ɗauka mu bar wani? Ni dai a ganina akwai alaƙa, ko da ba mu ankara da ita ba.

Sadiya_Flutter:
Wa alaikumus salam. Ni Dart nake rubutawa don shi aka nema a tallar aikin da na samu. Da Kotlin suka nema, da shi zan koya. Ban ga inda aƙida ta shigo ba gaskiya.

Tsohon_Fortran:
Nura ɗana, tambayarka gida biyu ce, kada ka haɗa su. Wanda ya ƙera yare daban, wanda ya tarar da shi daban. A zamaninmu na jami'a FORTRAN aka ɗora mu a kai, sai COBOL, daga baya Pascal ya zo. Musulmi da Kirista benci ɗaya muke zama, takarda ɗaya muke rubuta kod a kai da biro kafin a ba mu layin shiga ɗakin kwamfuta. Babu wanda aka tambaya me yake so, balle a tambayi me ya yi imani da shi. Abin da malami ya iya shi yake koyarwa. Yau ma haka ne, sai dai malamin ya koma YouTube.

Yohanna_Wusasa:
Baba Tsohon_Fortran ya raba ta daidai. A gida na farko, na wanda ya ƙera, Nura yana da hujja mai ƙarfi, aƙalla a kan Larry Wall. Mutumin ba injiniya ba ne tun asali, ilimin harsuna ya karanta. Shi da matarsa sun yi shirin tafiya wurin wata al'umma da harshenta ba shi da rubutu, su tsara masa haruffa don a fassara Littafi Mai Tsarki, sai rashin lafiya ya hana tafiyar. Sunan Perl ma daga misalin lu'ulu'u mai tsada yake, wanda ke cikin Matiyu sura 13. A cikin yaren akwai umarni mai suna bless, sa albarka ke nan, kuma kullum masu Perl suna amfani da shi. Takardun da ya rubuta na tsara Perl 6, wanda aka sauya wa suna zuwa Raku a 2019, da sunayen da ake amfani da su a nazarin Littafi Mai Tsarki ya kira su.

Abin da ya fi wannan duka, shi da bakinsa ya danganta taken Perl, cewa hanyar yin abu ta fi ɗaya, da yadda ya fahimci Mahalicci: ya ba mutum zaɓi, ba ya tafiyar da shi da tilas. Ka ga wannan ba hasashen wani ba ne.

Nura_Kod:
Na gode Malam Yohanna. Wannan ita ce maganar da nake nufi.

Maryam_Lissafi:
Kada ka yi saurin murna Yaya Nura. Ga Donald Knuth nan, Kirista ne ɗan Lutheran, mai ibada ƙwarai. A 1999 ya gabatar da jerin laccoci a jami'ar MIT ta Amurka a kan imani da kimiyyar kwamfuta. Amma je ka duba TeX da ya ƙera, wanda muke rubuta takardun lissafi da shi. Babu sakin mara a ciki ko kaɗan. Ya ma daskarar da shi, ya ce ba za a ƙara masa sabon abu ba sai gyaran kuskure, kuma duk gyara sai lambar fitowar ta ƙara matsawa kusa da pi: 3.14, 3.141, 3.1415, haka. A da, wanda ya gano kuskure a littattafansa yakan ba shi tukuicin dala 2.56. To ga masu addini biyu, ɗaya imaninsa ya kai shi ga ba da 'yanci, ɗaya ya kai shi ga tsanani da neman kamala. Idan addini yana iya haifar da abu da kishiyarsa, da me za mu gane cewa shi ne ya haifa, ba halin mutumin ba?

Yohanna_Wusasa:
@Maryam_Lissafi, 'yar'uwa, ai ba a ce duk mai bi zai ƙera abu iri ɗaya ba. Cewa aka yi imanin ya bar sawu. Sawun Knuth daban, na Wall daban.

Abu_Hanan:
Ku yi haƙuri, ni duk wannan tarihin Turawa ne a wurina. Bari in faɗi inda abin ya taɓa ni da kaina. Na yi shekaru ina rubuta Java, kuma duk wanda ke wannan sana'a a ƙasar nan ya san inda kuɗin Java yake: bankuna da kamfanonin ba da bashi ta waya. Wani kamfani ya kira ni, albashin ya ninka nawa, aikin kuwa shi ne in rubuta sashen da ke lissafa kuɗin ruwa da tarar jinkiri a kan wanda ya kasa biya. Na kwana ina juyi. Hadisin da ke cikin Sahih Muslim a bayyane yake, Annabi (SAW) ya la'anci mai cin riba da mai ba da ita da mai rubuta ta da shaidunta biyu. Na ce wa kaina, idan magatakardan da ya rubuta yarjejeniya ɗaya da alƙalami ya shiga ciki, ni da zan rubuta abin da zai lissafa wa mutum dubu ɗari ruwa a kowane dare fa? Na ba su haƙuri. Daga nan na koma neman aiki a ɓangaren asibitoci da makarantu, a can kuwa PHP da Python na tarar. Yau Python nake ci da shi.

Saboda haka in ka tambaye ni, addini bai zaɓar mini yare ba, amma ya zaɓar mini wurin aiki, wurin aikin kuma ya zaɓi yaren. @Sadiya_Flutter, kin ga ta inda yake shigowa.

Sadiya_Flutter:
Allah Ya musanya maka da mafi alheri Yaya. Amma ai Java ba shi da laifi a nan. Tun 2012 Jaiz ke aiki ba ruwa, TAJ ma ya zo a 2019, kuma irin waɗannan bankuna su ma suna buƙatar masu rubuta manhaja. Da can ka nufa, da ba ka bar Java ba.

Abu_Hanan:
Haka ne ƙanwata, ban ce yaren haramun ne ba. Sai dai guraben nawa ne a can, nawa ne a ɗaya ɓangaren? Mutum yana da iyali, ba zai zauna jira ba.

Kabiru_Web3:
Mu masu Solidity mun fi kowa shan wannan tambaya. Yaren kusan aiki ɗaya yake yi, rubuta yarjejeniyoyi a kan Ethereum, wani dandalin kuɗin kirifto, da makamantansa. Idan malamin da ka yarda da shi ya ce harkar kirifto ba ta halatta, to ka bar yaren ke nan gaba ɗaya, don babu wani wurin da za ka kai shi. Na san waɗanda suka fara koyo suka ajiye saboda haka. Ni na bi malaman da suka bambance tsakanin fasahar da cacar da ake yi da ita. Amma ko ni akwai kwangilar da ba na karɓa.

Malam_Sani_Zariya:
Ina roƙon 'yan'uwa kada zauren ya koma na fatawa. Mas'alar ma'aikacin banki malamai sun yi bayani mai tsawo a kanta, sun bambance wanda ke rubuta ribar kai tsaye da wanda aikinsa ke nesa da ita, kuma ba su haɗu a kan komai ba. Kowa ya kai tasa gaban malamin da ya san fiƙihu ya kuma fahimci aikin. Na biyun nan shi ne mai wuya. Sau da yawa mai tambaya ba ya iya bayyana wa malami abin da kod ɗin nasa yake yi, sai a ba shi amsar wata tambaya daban.

Ɗan_Maraɗi:
Barkanku da warhaka mutanen Najeriya. Mu nan Nijar in kana neman abin da ke zaɓa wa yaro yare, to ka dubi wanda ya yi mana mulkin mallaka. Addininmu ɗaya da na Katsina, aurenmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya. Amma ɗan Maraɗi da ya shiga lakwal ta fasaha yana iya tarar da WinDev, na wani kamfanin Faransa, wanda har umarninsa ana rubutawa da Faransanci. Ɗan Katsina wataƙila bai taɓa jin sunansa ba. Tsakaninmu tafiyar awa biyu ko uku ce a mota. Ga aƙida ɗaya, ga yare daban. Wannan kaɗai ya ishe ni amsa.

Tsohon_Fortran:
Madalla da ɗan Maraɗi. Abin da na faɗa tun farko ke nan, shi ya zo da shaida.

Maryam_Lissafi:
Duk da na yi wa Yaya Nura gardama a sama, akwai wuri ɗaya da zan ba shi gaskiya, kuma a aikina na gani. Rabon gado.

An kawo mini wata manhajar rabon gado in duba, wadda aka rubuta da JavaScript. Wanda ya rubuta ya mai da kowane kaso lamba mai ɗigo: sulusi ya zama 0.333, sudusi 0.1667. Duk wanda ya taɓa buɗe burauza ya rubuta 0.1 + 0.2 ya san abin da ke fitowa, 0.30000000000000004. A lissafin kuɗin shayi wannan ba komai ba ne. A dukiyar marayu kuwa, inda ake maganar gida da gona da miliyoyi, sai ka tara kason magada ka ga bai cika dukiyar ba, ko ya haura ta.

Sannan ga aul, wato inda kason magada in an tara ya wuce dukiyar. Ku ɗauki mamacin da ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba. Asalin mas'alar 24 ne. Mata sumuni, 3. 'Ya'ya mata sulusi biyu, 16. Uwa sudusi, 4, uba sudusi, 4. In ka tara 27 ne, ya wuce 24. Sai a mai da asalin 27, kowa ya ragu daidai gwargwado, sumunin matar ya koma ɗaya bisa tara. Manhajar can ba ta san wannan ba, sai ta ba kowa kasonsa cikakke, ta raba dukiyar da babu ita.

Da na zo sake rubutawa Python na ɗauka, dalilina ɗaya: yana zuwa da Fraction a cikinsa, sulusi yana zama ɗaya bisa uku cif har ƙarshen lissafi, ba ya zubar da ko ƙwaya. Scheme da Haskell ma suna da irin wannan. Ana iya yi da JavaScript in aka ɗauko laburare, wato kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta, ko aka yi komai da cikakkun lambobi, ban musa ba. Amma ni tsoron haƙƙin maraya ne ya sa na nemi yaren da ba sai na yi ta gadinsa ba.

Malam_Sani_Zariya:
Allah Ya yi miki albarka Malama Maryam. Mas'alar da kika kawo ita ce malaman fara'id ke kira Minbariyya. Kuma abin da kika yi yana da tsohon asali. Muhammad bin Musa al-Khwarizmi, wanda daga sunansa aka samo kalmar algoridim da kuke faɗa kullum, ya rubuta littafinsa na aljabra a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun. Babban kaso na littafin a kan wasiyya da rabon gado yake, kuma a gabatarwa ya faɗa cewa don buƙatar mutane a gado da shari'a da ciniki da awon ƙasa ya rubuta. Buƙatar addini ta daɗe tana tura mutane su gyara kayan lissafinsu.

Jamilu_Rust:
Ni fa ina ganin an juya tambayar. Ba addini ne ke zaɓar yare ba, yaren ne ke zama wa wasu addini. Ku shiga inda masu Rust da masu C++ ke gardama ku gani. Ko tsohuwar rigimar Emacs da vi, manhajoji biyu na rubuta kod. Richard Stallman, wanda ya kafa GNU, shirin samar da manhajoji masu 'yanci, a 1983, bai yarda da samuwar Allah ba, amma yakan sa alkyabba ya ɗora faifai a ka ya fito a matsayin waliyyin cocin Emacs. Wasa yake, amma yadda yake riƙe da aƙidar manhaja mai 'yanci ba wasa ba ne, ba ya taɓa abin da ba a buɗe kod ɗinsa ba. Tun 1980 wani injiniya, Danny Cohen, ya kira rigimar ta wane gefe za a fara jera lambobi a ƙwaƙwalwar kwamfuta da sunan yaƙin addini.

Hajiya_Rakiya:
Jamilu, don Allah a daina kiran wannan addini. Ta'assubanci ne, kuma muna da shi a ƙwallo da siyasa. Addini abu ne da mutum zai mutu a kai a tashe shi a kai. Ban ga wanda zai so a yi masa talƙini da Rust ba.

Jamilu_Rust:
Na karɓa Hajiya, ta'assubanci ya fi dacewa. Amma ki lura da abu ɗaya: wanda ya saba cewa ƙungiyarsa ce kaɗai a kan daidai a masallaci, in ya zo nan ma haka yake yi da yarensa. Na ga wannan a cikinmu ba sau ɗaya ba.

Abu_Hanan:
Wannan kuma hali ne Jamilu. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro tsarin kwamfuta na Linux, ba shi da addini, shi ya faɗa, amma wa ya kai shi zafi wajen sukar C++?

Yohanna_Wusasa:
Bari in ƙara misali ɗaya da ke cikin aljihun kowa a zauren nan. SQLite, ƙaramin rumbun bayanan da ke cikin kowace wayar Android da iPhone. Richard Hipp ne ya fara shi a 2000, da C ya rubuta. Ku buɗe kod ɗin, a saman fayil inda kowa ke sa gargaɗin haƙƙin mallaka, shi addu'a ya sa: ka aikata alheri ba sharri ba, ka sami gafara ka kuma gafarta wa wasu, ka bayar hannu sake kada ka ɗauki fiye da abin da ka bayar. Ya saki kod ɗin kyauta ga duniya, babu lasisi. A 2018 da abokan hulɗa suka matsa sai ya fitar da ƙa'idar ɗa'a, sai ya ɗauko dokokin Benedict, wani malamin zuhudu na ƙarni na 6, ya ce su ne ƙa'idar masu aikin. An yi ta surutu, daga baya ya sauya wa takardar suna amma bai janye ta ba.

To ku duba: C ya zaɓa, yare ɗaya da na Torvalds marar addini. A yare ba za ka bambance su ba. A abin da suka rubuta a saman fayil ne za ka gane waye waye.

Umar_Nima:
Gaisuwa daga Accra. Maganar SQLite ta taɓa ni. Ni ma duk abin da na rubuta na makarantar allo da Islamiyya a GitHub, shafin da ake ajiye kod, nake sakawa kyauta, da niyyar sadaka mai gudana. Kuma ai akwai hadisin wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye, za a sa masa linzamin wuta. Ni a fahimtata rufe kod ɓoye ilimi ne.

Malam_Sani_Zariya:
Niyyarka kyakkyawa ce Umar, Allah Ya karɓa. Amma a yi hattara da hadisin. Malamai sun fassara shi a kan ilimin da mutum ke buƙata don addininsa, wanda ya wajaba a sanar. Bai hana mai sana'a cin guminsa ba. Kada mu sa wanda ke sayar da manhajarsa don ya ciyar da iyali ya ji kamar yana cikin alkawarin azaba. Ka bayar ka sami lada, shi ma ya sayar halal ɗinsa ne.

Umar_Nima:
Na gode Malam, Allah Ya ƙara ilimi.

Aliyu_SS3:
Salam yayyena. Ni sabo ne, yanzu na fara koyo. Maganar nan ta ɗan tsorata ni. Ruby nake bi a wani darasi, yanzu kuma na ji wanda ya yi shi ɗan mishan ne. Ya halatta in ci gaba? Kuma Python da ake cewa in koma, ga hoton maciji a jikinsa.

Hajiya_Rakiya:
Aliyu ɗana, ci gaba da karatunka. Lokacin hijira Annabi (SAW) da Sayyidina Abubakar sun ɗauki Abdullahi bin Uraiƙiɗ ya nuna musu hanya, alhali ba Musulmi ba ne a lokacin, don ya san hanyar kuma amintacce ne. Fursunonin Badar ma an sa wasunsu koya wa yaran Madina rubutu a matsayin fansa. Matsumoto bai sa aƙidarsa a cikin darasin da kake bi ba. Abin da aka san shi da shi a duniyar Ruby kyawun hali ne, har mabiyansa suna da take cewa tunda shi mai kirki ne su ma za su yi kirki. Python kuwa ba daga maciji sunan ya fito ba, Guido van Rossum da ya ƙirƙire shi daga wani shirin barkwanci na talabijin ɗin Ingila ya ɗauko shi. Abin da za ka kula da shi shi ne me za ka gina da yaren idan ka iya.

Sadiya_Flutter:
Aliyu, Ruby yana da daɗin koyo, amma ka leƙa tallace-tallacen aiki na nan gida kafin ka yi nisa. JavaScript da Python da PHP za ka fi gani.

Kabiru_Web3:
Ba wanda ya ambaci Terry Davis? Shi ne ai ƙarshen misali. Shi kaɗai ya rubuta tsarin kwamfuta sukutum, TempleOS, da yaren da ya ƙera da kansa mai suna HolyC, ya ce Allah ne Ya umarce shi, har girman allo 640 da 480 da launi 16.

Maryam_Lissafi:
Kabiru, wannan bawan Allah ciwon taɓin hankali ya yi fama da shi shekaru da yawa, har ya ƙare ba shi da matsuguni kafin mutuwarsa a 2018. Gwani ne na gaske, aikin da ya yi shi kaɗai ba kowa zai iya ba. Amma bai kamata a sa shi a ma'auni ɗaya da Wall ko Knuth ba, kuma ba na so a mai da shi abin dariya kamar yadda ake yi a wasu wurare.

Bello_Android:
Na makara, amma ga tawa. Ni manhajar lokutan salla nake kula da ita, kuma a nan abin da ke jan mutum zuwa yare shi ne kayan da ya tarar a shirye. Java tun fitowa ta 8 a 2014 yana zuwa da kalandar Hijira ta Ummul Ƙura a cikinsa. C# ma yana da ita. Laburaren Adhan na lissafin lokutan salla akwai shi a Swift da Kotlin da JavaScript. Duk wanda zai yi irin wannan aiki zai fi son inda ba sai ya fara daga tushe ba.

Sai dai wahalar ba a yaren take ba. Asuba kaɗai ta isa. Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, tana lissafi da rana a digiri 18 ƙarƙashin sararin gabas, hukumar Masar 19.5, Ummul Ƙura 18.5. Tsakanin 18 da 19.5 a wajenmu kusan minti 6 ne, kuma a watan azumi minti 6 shi ne tsakanin mai shan ruwa da wanda ya kame. La'asar mu Malikawa inuwa ɗaya muke bi, Hanafawa biyu, in ka bar saitin wani ka jinkirta wa mutane salla. Kalandar Ummul Ƙura kuma lissafi ce, mu kuwa sai Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, shi ya sa dole ka sa wurin da mai waya zai ƙara kwana ko ya rage. Wanda bai san waɗannan ba, ko da wane yare ya rubuta, zai ɓata wa mutane ibada.

Ɗan_Maraɗi:
Bello ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Sau nawa Nijar ta ɗauki azumi ko ta yi salla rana daban da Najeriya, waya kuma tana nuna na Saudiyya. Ka sa ƙasa a cikin saitin, ba gari kaɗai ba.

Nura_Kod:
Na karanta duka, na kuma ƙaru. Na yarda da Baba Tsohon_Fortran da ɗan Maraɗi cewa makaranta da kasuwa su ne manyan masu zaɓa. Amma ban sauka daga maganata gaba ɗaya ba. Abu_Hanan ya bar Java, Malama Maryam ta ɗauki Python, waɗanda Kabiru ya sani sun ajiye Solidity. Duk ukun nan in ka bi sawu imani za ka tarar a farkon hanyar. Abin da har yanzu nake tunani shi ne ɗaya gefen: mu da aka tarbiyyantar a kan bin ƙa'ida da nassi, shin mun fi samun natsuwa da yare mai tsauri irin Rust ko Haskell, wanda ba ya barin ka wuce sai ka cika sharaɗi?

Jamilu_Rust:
Ni da nake rubuta Rust kullum ban taɓa jin haka ba. Na gaji ne da manhaja tana faɗuwa da tsakar dare ana kira na.

Tsohon_Fortran:
Nura, in haka ne da Arewa ta cika da masu Haskell. Je ka ƙirga su ka dawo. PHP ne ya cika gari, shi kuwa babu abin da ba ya bari ka yi.

Hajiya_Rakiya:
Ni abin da ya fi damuna ba a taɓo shi ba. Kusan duk yarukan nan da Turanci ake rubuta umarninsu. Wani Balarabe ɗan Lebanon, Ramsey Nasser, ya ƙera yare mai suna Ƙalb da haruffan Larabci zalla, kuma abin da ya nuna shi ne kayan aikin da ake da su suna rikicewa da zarar an bar haruffan boko. Almajirin da ya haddace Alƙur'ani, yake rubuta ajami da kyau, ƙwaƙwalwarsa ta isa ta koyi wannan sana'a, amma ƙofar a rufe take sai ya bi ta Turanci. Python 3 aƙalla yana karɓar ƙ da ɗ da ɓ a sunayen da ka raɗa wa abubuwa, ina amfani da haka in ina koya wa 'yan mata a unguwa, kuma suna saurin kamawa.

Umar_Nima:
Hajiya wannan ya cancanci zaure nasa daban. Ki buɗe, za mu zo.

Abu_Hanan:
@Maryam_Lissafi, manhajar gadon nan a buɗe take? Ina so in gani. Kuma wace mazhaba kika bi a mas'alar kaka da 'yan'uwa?

Maryam_Lissafi:
Malikiyya na bi, kamar yadda yake a Risala: kaka namiji ba ya hana 'yan'uwa shaƙiƙai ko li'abbai, ana duba wanda ya fi masa tsakanin muƙasama, wato ya raba da su kamar ɗayansu, da sulusi. A wurin Abu Hanifa kuwa yana hana su gaba ɗaya, don haka na ware wannan sashen yadda za a iya sauya shi. Ban sake ta ba tukuna, Himariyya, mas'alar da shaƙiƙai ke tarayya da li'ummai a sulusi, ce ta rage mini, kuma ina so wani alƙali ko malamin fara'id ya bi misalan ɗaya bayan ɗaya kafin ta shiga hannun mutane. Malam Sani, in akwai wanda ka sani a Zariya da zai zauna da ni a kan wannan, ka yi mini magana ta akwatin sirri.

Malam_Sani_Zariya:
Akwai. Ki tara misalan a takarda, kowanne da asalinsa da kason kowa, don shi ba zai karanta kod ba. Zan yi masa magana bayan sallar Juma'a in sha Allah.